Jan Waken Gidan Malam Lissafi

Ku yaran yanzu, in kun ga an dafa abu a waya cikin minti uku, sai ku ɗauka aikin kuku ke nan. Ranar nan Ramatu jikar yayana ta zo da ƙawayenta biyu, wai za su buɗe gidan abinci a Gwadangaji, suna so in koya musu girkin Indiyawa kafin Juma'a. Na ce su sami wuri su zauna. Abinci ɗaya na ba su labarinsa, wani jan wake da Indiyawa ke kira rajma, kuma shi zan maimaita muku a nan.

Sunana Garba, mutumin Ambursa ne ni, noman shinkafa na gada. Shekarar da ruwa ya cinye mana fadama ina da mata da ɗiya ɗaya, rumbu kuma ba kome. Kawuna Baba Labbo shi ne kuku a wani gidan saukar baƙi a Argungu tun zamanin Turawa, sai ya aiko in zo. Shekara uku na yi a hannunsa. Ta farko ban taɓa ludayi ba, daga wankin tukwane da toka sai hura wuta sai wasa wuƙa a dutse. Ta biyu ya ba ni albasa. Buhu nawa na yanka, Allah kaɗai ya sani, in ya ɗaga yanka ɗaya ya ga ya fi ɗan'uwansa kauri sai ya ture tiren gaba ɗaya ya ce a kai wa masu shara su yi miya. Ba ya faɗa, ba ya yabo. Kullum da safe sai ya duba farcena kafin in shiga kicin. Sai a shekara ta uku ya bar ni na sa gishiri da hannuna.

Lokacin muna Jihar Sakkwato, gwamnati ta ɗebo malamai da likitoci daga Indiya ta rarraba su makarantu da asibitoci. Wani daga cikinsu, mai koyar da lissafi a wata sakandare a Birnin Kebbi, ya sauka wurinmu da matarsa wani ƙarshen mako, ya ce wa Baba Labbo yana neman kuku. Sunansa na da wuyar faɗi, kowa Malam Lissafi yake ce masa, matar kuma Madam. Da zan tafi Baba Labbo ya raka ni tasha, abin da ya ce da ni ke nan:

"Waɗanga mutane ba su cin nama, ba su cin kihi. Rabin abin da na koya maka, aje shi nan Argungu. Ka tahi da wuƙa da tsabta."

Ranar da na fara aiki a gidansu na kwatas, Madam ta jera mini kayan kicin a kan tebur kamar za a yi rabon gado. Akwai risho mai baki biyu. Akwai wani gwangwani zagayayye mai 'yan kofuna bakwai a ciki, kowane da irin yajinsa. Wasu na san su: gangamau, barkono, kanumfari, masoro, kirfa. Biyu ban taɓa gani ba, wani siririn iri mai kama da ƙaiƙayi da take kira jira, da wasu 'yan ƙwayoyi da take kira daniya, daga ƙasarsu ake aiko mata su. Sai babbar kadararta, wata tukunyar ƙarfe mai murfin da ake kullewa, da zoben roba a bakinsa. In ta ɗau zafi sai ta yi fito kamar jirgin ƙasa, don haka na sa mata suna mai fito. Dutsen niƙa ne kawai ba ta da shi, ta baro nata a gida saboda nauyi, ni na sayo mata wani a kasuwar Argungu.

Dokokinta ba su da yawa. Nama ba ya shiga kicin ko a aljihu. In na ci tsire a bakin kasuwa, sai na wanke hannu da baki a famfon waje kafin in shigo. Ba a ɗanɗana abinci da ludayin da ake juyawa. Ita kuma in ta ji kiran salla, ko mene ne a wuta za ta karɓi ludayin ta ce in tafi. Hausarta ta kasuwa ce, kalma biyu uku, amma muna fahimtar juna.

Rajma abincin ranar Lahadi ne a gidan, amma daga Asabar da yamma aikinsa ke farawa. Waken ja ne wur, ya yi biyun namu girma, siffarsa kamar ƙoda. Za ka baza shi a tire ka tsince tsakuwa da wanda ƙwaro ya huda, ka wanke sau uku, ka jiƙa shi a ruwa mai yawa ya kwana. Da safe za ka tarar ya kumbura. Wannan ruwan zubarwa ake yi, ko akuya ba a ba. Sai sabon ruwa, a zuba a mai fito da gishiri, a ƙure wuta, a ƙirga fito shida, a sauke a bar ta ta huce da kanta. In an buɗe, sai ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka matse tsakanin yatsu biyu. In ba ta baje kamar dafaffen dankali ba, a mayar.

Miyar ita ce ke cin ƙafa. Man shanu Madam ke saye wurin matan Fulani, ta narkar ta tace da kanta. Za ka sa shi a kasko, ka jefa jira har ka ji yana tsalle, sannan albasa manya huɗu da ka yanka ƙanana kamar shinkafa. Nan za ka tsaya kana juyawa har ta koma launin dabino, kusan rabin awa, in ka juya baya ka amsa sallama ta ƙone, a sake daga farko. Sai ɗanyar citta da tafarnuwa da ka niƙa a dutse, sai tumatir niƙaƙƙe, gangamau kaɗan, barkono, daniya. Ba ka ƙara kome sai ka ga mai ya rabu da miya ya fito gefe-gefe. Sannan ka juye waken da ruwan dahuwarsa, ka ɗebi ludayi ɗaya ka murje shi a jikin tukunya don miyar ta yi kauri, ka rage wuta su san juna. A ƙarshe a barbaɗa dakakken kanumfari da kirfa da masoro, a ci da farar shinkafa.

Wata na farko na so in nuna mata dabarar gida. Da ta fita, na jefa 'yar kanwa a cikin waken don ya yi saurin laushi, yadda kowace mace ke yi a Ambursa. Waken ya yi duhu, miyar ta yi wani santsi. Tun daga bakin ƙofa ta gane. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Garba, ba kanwa," ta ɗauki tukunyar ta kai wa maigadi. Ranar shinkafa da nono suka ci.

Samun waken ma aiki ne, don ba ya yi a ƙasarmu, zafi ya yi masa yawa. Na taɓa shuka layi biyu a fadamarmu, ya yi ganye kamar abin kirki, fure ya zube. A duk kasuwar Birnin Kebbi mutum ɗaya ke da shi, Mama Ngozi, wata Ibo mai shagon kayan gwangwani da ta daɗe a garin har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Wani direba ke kawo mata daga wajen Jos, inda mutanen kan dutse ke noma shi. Ita ta koya mini bambanta sabo da tsoho: ka ciji ƙwaya ɗaya, in haƙori ya shiga sabo ne, in ta fashe kamar tsakuwa ya shekara, zai ci maka wuta.

A shekarata ta huɗu a gidan abin ya faru. Malam Lissafi ya sami ƙarin girma, ya gayyaci mutane cin abincin rana wata Lahadi: iyalan Indiyawa biyu, da wani likitansu na asibitin gari, da mataimakin shugaban makarantar, Bahaushe. Madam ta gurɗe a hannu a makon, ta ce kicin nawa ne, karo na farko ke nan da ta sakar mini girkin baƙi. Ranar Asabar zoben robar mai fito ya tsage, ba inda ake sayar da irinsa sai Sakkwato ko Kano. Kananzir kuma ya yi wuya a gari, ɗan abin da ya rage na ajiye wa miya da shinkafa.

Na jiƙa waken ya kwana yadda aka saba. Da sassafe na hura gawayi a bayan kicin, na ɗora shi a tukunyar ƙasa. Na san Madam ba ta son ƙwayar ta farfashe, sai na yi tunanin in rage wuta ya dahu a hankali, na rufe garwashin da toka, na tafi kasuwa sayen tumatir. Awa huɗu yana kan wuta, yana turiri amma bai taɓa tafasa sosai ba. Da na matse ƙwaya ta baje, sai dai akwai ɗan tauri a tsakiya kamar ƙwayar gero. Na gani da idona. Na ce miya za ta ƙarasa shi. Baƙi sun fara isowa, na juye, na ba shi 'yan mintoci na sauke. Madam ta leƙo ta ɗanɗana ruwan miyar a cokali, ta gyaɗa kai, ba ta taɓa waken ba.

An ci, an ƙara, an yaba. Ni ma na ci nawa a bayan kicin, na zuba wa maigadi da direban mataimakin shugaba. Likitan ne kawai bai iso ba, aiki ya riƙe shi. Kafin la'asar wata yarinya cikin 'ya'yan baƙin ta fara amai, sai uwarta, sai Malam Lissafi, sai gidan gaba ɗaya. Banɗaki ɗaya ne, manyan mutane suka riƙa fita bayan gida suna durƙusawa a gindin dogon yaro. Direban bai ci da yawa ba, shi ke da ƙarfin gudu, ya fita titi yana cewa kuku ya sa wa ubangidansa guba. Kan ka ce me, ƙofar gida ta cika, an kira ɗan sanda. Aka zaunar da ni a ƙasa, ni ma cikina na murɗawa, wani na cewa a ɗaure ni, wani na cewa ai da gangan na ci don in ɓad da sawu.

Ana haka likitan ya iso. Ya duba marasa lafiya, ya sa aka haɗa musu ruwan gishiri da sukari, sannan ya ce a nuna masa tukunya. Ya tsamo ƙwaya ɗaya ya matse, ya kalle ta, ya zo ya tsuguna gabana ya tambaye ni yadda na dafa. Na faɗa masa tun daga zoben roba har toka. Ya miƙe ya yi wa ɗan sandan bayani, wani malami na fassarawa: wannan waken da dafinsa yake zuwa daga gona, ba abin da ke kashe dafin sai tafasa mai ƙarfi, wuta a ƙure, ruwa na tsalle, na tsawon lokaci. In aka bar shi a wuta mai sanyi, dafin na nan ko ya wuni. Ya ce ba wanda zai mutu, zuwa gobe kowa zai miƙe. Haka kuwa aka yi.

Washegari na haɗa 'yan kayana a buhu na jira a sallame ni. Madam ta fito, fuskarta duk ta faɗa, ta kalli buhun ta ce in mayar. Ta ce ita tun tana yarinya a mai fito ta ga ana dafa shi, ba ta taɓa tunanin akwai abin da za a gaya wa mutum ba. Ranar ta sa na sake jiƙa wani. Da safe muka dafa shi a tukunyar ƙasar nan, a wutar itace, ta ajiye agogon hannunta a kan dutse, ya yi rabin awa yana tafasa kamar zai kife murfi kafin ta yarda a rage wuta. Tun daga ranar, ko da mai fito ko babu, ban sake sauke wannan wake ba sai na matse ƙwaya biyar daga wurare biyar na tukunya.

Na ƙara shekara biyar a gidan. A cikin gida magana ta mutu, a gari kuwa ba ta mutu ba, ni ne ban sani ba.

Sai shekarar wahala ta zo. Naira ta faɗi, albashin da Indiyawa ke aikawa gida ya zama ba kome, gwamnati kuma ta daina sabunta musu kwantiragi. Kayan waje suka ɓace daga shaguna. Jira ya koma sai ranar Lahadi, shi ma da ɗan yatsa. Direban Jos ya daina zuwa, muka koma yin miyar da jan wakenmu na gida. Madam ta ce yana da daɗi, amma wani abinci ne daban. Doguwar shinkafar da suka saba ci ta gagara, na kawo musu ta Ambursa, suka ci har suka saba. Gidajen kwatas suka riƙa zama kango ɗaya bayan ɗaya. Da lokacin tafiyar su Madam ya zo, suka sayar da firiji da gadaje. Mai fito kuwa, Madam ta tafi da ita. Ni ta ba ni gwangwanin yajin da abin da ya rage a ciki, da wata takarda a ambulan, ta ce shaidar aiki ce.

Ban nuna wa kowa takardar ba. Ajami na iya, ba na karanta Turanci, kuma ina tsoron ta rubuta labarin Lahadin nan a ciki. Na sa ta a ƙasan akwati na shiga neman aiki da bakina. Gidan manajan banki, gidan wani alƙali, gidan wasu Turawa masu aikin hanya, ko'ina sai a ce in dawo jibi, in na dawo a ce an sami wani. Wani maigadi ne ya tausaya ya gaya mini gaskiya, ya ce labarina na riga ni isa kowane gida. Har an ƙara masa, wai mutum biyu sun mutu.

Na koma Ambursa na yi shuka, ruwa ya ɗauke da wuri, shinkafar ta bushe a tsaye. Na kafa tebur a tashar Argungu ina sayar da shinkafa da miyar wake irin ta Madam. Direba zai buɗe kwano ya juya cokali ya tambaye ni ina kifin. Garin da kifi ke ko'ina, wa zai sayi miyar da ba kome a ciki sai wake? Mako uku na yi, kullum iyalina ke cinye ragowar, na naɗe tebur.

A lokacin Baba Labbo ya tsufa ya bar aiki, idonsa ya yi rauni. Na je gaishe shi, ya tambaye ni ko mutanen ba su ba ni takarda ba. Na faɗa masa abin da nake tsoro. Ya ce matar da ta riƙe ni shekara biyar bayan abin ya faru ba za ta kashe ni a takarda ba, in ma ta rubuta, ai ba abin da ya rage wanda gari bai sani ba. Ya ce ya ji wani Alhaji ɗan kwangila a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi na neman kuku saboda baƙinsa injiniyoyi, in ɗauki takardar in tafi.

Na tarar da Alhajin a zaure da mutanensa. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya kalle ni sosai ya ce:

"Kai na kukun da anka ce ya ba Indiyawa guba?"

Na ce, "Ni na, ranka shi daɗe." Na miƙa ambulan.

Ya ba akawunsa ya ce ya karanta a fili, ya fassara. Takardar gajera ce. Ta ce na yi mata aiki shekara tara, ba ta taɓa neman ko cokali ta rasa ba. Ta ce sau ɗaya abincina ya sa mutane ciwo, kuma laifinta ne, don ba ta gaya mini abin da ya kamata ta gaya mini ba. Ta ce duk wanda ya ji wani labari daban, ƙarya aka yi masa.

Alhaji ya karɓi takardar ya jujjuya ta, ya ce takarda takarda ce. Ya ce abin nan da na dafa wa Indiyawan, shi yake so in dafa masa yau, kuma ni zan fara ci. Na ce yau ba zai yiwu ba, sai waken ya kwana a ruwa. Wani a gefe ya yi dariya ya ce zan gudu ne. Alhaji ya ce a bar ni, gobe ma rana ce ta aiki.

Daga nan shagon Mama Ngozi na nufa. Ta shiga ciki ta daɗe, ta fito da mudu ɗaya da ya rage a ƙasan wani buhu. Na ciji ƙwaya, ta fashe kamar tsakuwa, ya fi shekara biyu. Ta ce in ɗauka, ba mai nemansa yanzu, in na sami aikin in riƙa zuwa cefane wurinta. Na jiƙa shi tun azahar. Washegari na dafa shi a tsakar gidan Alhaji a wutar itace, matan gidan na leƙe ta taga. Tsohon wake ne, sai da ya ci awa huɗu. Na juye jiran da ya rage a gwangwanin Madam gaba ɗaya.

Aka shimfiɗa tabarma a zaure, na zuba faranti biyu. Na ci nawa tas a gabansu. Alhaji ya jira kaɗan, ya ja nasa ya yi bisimilla. Ya cinye, ya miƙo a ƙara. Sauran mutanen ba wanda ya sa hannu. Ya ce in zauna nan kusa da shi, kada in je ko'ina. Muka zauna, shi yana sauraron masu kawo masa maganar siminti da tifa, ni ina kallon bango. Muka yi la'asar a sahu ɗaya muka dawo. Da rana ta yi sanyi ya shafa cikinsa, ya juya wajen akawun ya ce a nuna mini ɗakin da ke kusa da kicin.

Sannan ya tambaye ni ko akwai saura a tukunya. Na ce akwai, kuma ya fi daɗi in ya kwana.

Ya ce, "To, a ɓoye min shi. Waɗanga da sunka ƙi ci, kar a ba su."